Yadda Za Ka Tsallake Ranar Kallon Aji Ko Da Yaranka Ba Su Iya Komai Ba

Kai malamin Turanci da ka baro ƙasarku ka zo Sin, na san abin da ke cin ranka. Ranar kallon aji ta matso, iyaye za su jeru a baya su ga abin da ka koya wa 'ya'yansu. In sun gamsu a sabunta maka kwantiragi, takardar zama ta biyo baya. In ba su gamsu ba, sai filin jirgi. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka tsira. Maƙwabcina Milorad, mutumin Sabiya, ya bi su a birnin Luoyang, kuma har yau yana nan.

1. Zaɓi ranar aiki da hantsi

Iyaye suna ofis, kakanni ne za su zo da gorunansu na ruwan zafi. Kaka ba Turanci ta zo ji ba. Ta zo ta ga ko jikanta ya cire rigar sanyi.

2. Raba wa hannuwa aiki

Ajin da ba a ɗaga hannu ba abin kunya ne ga makaranta duka. Shugabar makarantar su Milorad, Madam Lou, ta shigo da kanta ta tsara yaran.

"Duk tambayar da Malam Mi ya yi, kowa ya ɗaga hannu," in ji ta. "Wanda ya sani, dama. Wanda bai sani ba, hagu. Malam Mi, 'yan dama kawai za ka kira. Ka gane?"

"Na gane, Shugaba," in ji Milorad.

Kai ma haka za ka ce. Masana sun tabbatar baƙon da ya ce bai gane ba sai an kira masa taro.

3. Tuna cewa kana fuskantarsu

Nan Milorad ya zame. Ya yi tambayar farko, hannuwa suka tashi fal. Ya dubi damarsa, ya kira duk hannun da ke wannan ɓangaren. Damarsa kuwa hagunsu ce.

Wadda ya fara kira ita ce Shanshan, yarinyar da ke zama can bango, wadda ba a taɓa kira ba tun shigarta makarantar. Ta miƙe fuskarta ja wur. Ta ce da Turanci tsaf, babu gargada, "Yi haƙuri, ban sani ba."

Jimlar da Milorad ke faɗa ke nan duk sanda yaran suka tambaye shi abu da Sinanci. Ita kaɗai ce ta zauna musu. Na biyu ya maimaita ta, na uku ma, har aka tashi. Madam Lou tana bakin ƙofa tana murmushi, murmushin da ya sa Milorad ya fara tunanin abin da zai shiga akwatinsa da abin da zai bar mini.

4. In an tafa, rusuna

Kakanni suka tafa. Yara na amsawa da sauri, bakinsu ɗaya, me ya rage? Kada ka yi bayani. Kakar Shanshan, Tsohuwa Geng, ta tare shi a ƙofa ta cusa masa dafaffen ƙwai mai ɗumi a aljihu.

"Malam Mi, yau na ji muryar yarinyar nan a aji," in ji ta, idonta da ƙwalla. "Ubanta ya ce kanta dutse ne. Bari ya dawo ya ji. Ci, ka rame."

Milorad ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, amma ya ci ƙwan. Kai ma ka ci.

5. Karɓi gyara ba tare da an ambaci laifi ba

Madam Lou ta kira shi ofishinta. Ta zuba masa shayi, ta sabunta kwantiragin, ta ɗaura masa jan zare a wuyan hannun hagu.

"Na sa'a ne," in ji ta. "Inda zaren yake, nan masu amsa suke. Watan gobe sufeto zai zo, kuma yana jin Turanci."

6. Kada ka dubi ɓangaren da babu zare

Wannan ne mataki mafi sauƙi, shi ne kuma Milorad ya kasa. Kullum Shanshan na ɗaga hannun hagu, amma yanzu har miƙewa take kan yatsun ƙafa, tana kallonsa. Shi kuma ya dubi zaren, ya dubi ƙofa, ya kira ta. Har tsayawa yake bayan tashi yana koya mata jimla ta biyu. Na ja masa kunne, ya ce mini ƙwan nan ne ya tsaya masa a wuya.

Sanarwa

Tabbacin da na bayar bai wuce ƙofar aji ba. In sufeto ya zo, yarinya ta ɗaga hagu, kai kuma bakinka ya kira sunanta, babu ruwana, ban san ka ba. Ni tsira na koya maka, ban ce ka koyar ba.