Motar Babakura da Haƙorana

Babakura jikana bai taɓa ɓoye mantuwarsa ba. Da bakinsa yake cewa in ka ba shi saƙo ka ba iska. Don haka da ya tashi sayen mota sai ya zaɓi wata tokumbo, irin wadda aka hau a ƙasar waje, mai madannai biyar a jikin ƙofar direba, kowanne ɗauke da lamba biyu. In ka danna lambobin sirri, ƙofa ta buɗe ba sai da makulli ba. Ya saka lambobinsa ranar da ya kawo ta, bai ƙara taɓa su ba.

Da wannan motar yake kai ni asibiti duk wata. Ran nan a tsakiyar zafin Afrilu muka biya kemis ɗin Ogbonna muka karɓi allurar suga da ya yi min oda daga Kano. Ogbonna ya sa ta a ƙaramar kula da ƙanƙara, ya ce mu wuce da ita firji kai tsaye, don in ta sha zafi ta lalace, kuma ba shi da wata sai wani watan. Da muka iso ƙofar gidana a Jiddari Polo, Babakura ya ajiye makulli da waya a kan kujera ya zagayo ya fito da ni. Na bi jikin motar ina dafawa saboda gwiwa. Tafin hannuna ya sauka a kan madannan nan, sai muka ji ƙas.

"Sannu da aiki, amarya," in ji shi. "Kin kulle mana mota."

"Yauwa, sannu maigida. Ni dafawa na yi. Motar da ba ta jure hannun tsohuwa ai ba mota ba ce."

"Na ƙarshen nan biyu kika danne tare. Haka ake kulle ta. Mota mai faɗin nan, babu inda ya yi miki sai nan?"

"Kai kuma aljihu huɗu ne a jikin kaftaninka, babu wanda ya yi wa makulli sai kujera?"

Ya leƙa ta gilashi. Ga makulli, ga waya, ga kular allurata a kujerar baya rana na dukanta.

"Ina ɗayan makullin?" na tambaye shi.

"Yana jakar Hanifa."

"To aika gidanka Galtimari a karɓo wajen matar taka."

"Ta tafi suna a Dusuman. Sai magariba."

"Kafin magariba allurar nan ta zama shayi. Danna lambobinka mu shiga."

Ya sosa ƙeya. Na san wannan susar tun yana rarrafe.

"Ka manta."

"Ban manta ba. Na san yadda na haɗa su. Don kar in manta ne ma na ɗora su a kanki, tunda ke ba kya zuwa ko'ina, ko lahira sun ce ba su shirya miki ba. Huɗun farko shekarar haihuwarki ce."

"Wacce daga ciki?"

"Kamar yaya wacce? Sau nawa aka haife ki?"

"Sau ɗaya, amma sau uku aka rubuta. Mahaifiyata ta ce hamsin da ɗaya ko da biyu. Hedimasta ya sa na zagaya hannu ta kaina na taɓa kunne, ya rubuta hamsin da huɗu. Akwai kuma hamsin da takwas."

"Ita kuma ta wace ce?"

"Ita nake faɗa wa maza."

"Ɗaya da biyu dai madanni ɗaya ne, wannan bai dame ni ba. Wacce kika faɗa min ranar?"

"Kai ba mijina ba ne? Ta maza na ba ka. Lamba ta biyar ɗin fa?"

Ya yi ƙasa da murya. "Yawan haƙoranki na sama."

"Allah ya shirye ka. Haƙorana ka mayar makullin mota?"

"Na duba duk gidan nan ban ga abin da ɓarawo ba zai yi sha'awa ba sai su. Buɗe baki in ƙirga."

"A bakin titi? Ko kakanka da ya biya sadaki bai ƙirga min haƙora ba."

"Shi ai lokacinsa da yawa ne, ƙirgar za ta ba shi wahala. Buɗe, Kaka, ƙanƙara na narkewa."

Na buɗe. Wani mai keke napep ya rage gudu yana kallonmu.

"Shida," in ji Babakura. "Har da wani mai lilo, na ba shi cikakken maki."

Ya danna ɗaya, ya danna tara, ya tsaya yana neman biyar da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kafin ya gano ta fitilar madannan ta mutu.

"Ba ta son jinkiri," ya ce. "In ka daɗe tsakanin danni sai ka koma farko."

"Ashe ta fi ni rashin haƙuri. Shekara nawa ina jiran ka yi hankali."

Ya sake, wannan karon da sauri. Shiru. Ya gwada shekarar hedimasta, shiru. Ya gwada ta mahaifiyata, shiru. Ya goge madannan da bakin riga wai ko ƙura ce, ya yi ta dannawa har fitilar ta kama ƙyaftawa ta daina karɓar komai.

"Ta lalace?"

"Fushi ta yi. In aka cika mata kuskure sai ta ɗauka ɓarawo ne, ta yi shiru na ɗan lokaci. Halinku ɗaya."

Ya sake leƙa kular. Na ga wasan ya bar fuskarsa. Ya sunkuya ya ɗauki rabin bulo a bakin kwata.

"Me za ka yi da shi?"

"Ƙaramin gilashin baya zan fasa."

"Ajiye. Irin gilashin motar nan sai an aiko daga Legas."

"Gilashi ya jira Legas. Ke ba za ki jira wani watan ba."

Ni ba na cikin masu kuka a titi. Na dai kai harshe inda nake kai shi in ina tunani, sai ya faɗa wani gurbi a hagu.

"Tsaya. Yaushe ka sayi motar nan?"

"Kafin azumin bara."

"Haƙorin da aka cire min fa, yaushe ne?"

"An cire miki haƙori?"

"Bayan babbar salla. Kai ka kai ni, a cikin motar nan. Ka bar shagonka a rufe ka yini a kan benci, ka riƙe min hannu likita yana ja, na yi ta zaginka kana cewa amin. Sati guda kana kawo min kunun gyada don ba na iya tauna."

"Ni na yi duk wannan?"

"Kai. Allah ya yi maka albarka, ko da yake kan naka ba ya riƙe komai. Ranar da ka ƙirga bakwai ne."

Ya yar da bulon. Muka jira fitilar ta huce. Ya danna ɗaya, tara, biyar, takwas, sannan ya koma kan madannin nan na bakwai da takwas ya ƙara masa ɗaya. Ƙas. Ya fizge ƙofa, ya miƙa hannu baya ya ɗauko kular ya buɗe. Ƙanƙarar ta zama ruwa, amma da sauran ɗan dunƙule, kwalaben da sanyinsu.

Sai da na ga allurar a cikin firji sannan na zauna. Na kwance igiyar da nake rataya makullin akwatina, na zura makullin motarsa a ciki, na rataya masa a wuya.

"Ungo. Tukwicinka ke nan. Haka ake yi wa akuya mai ɓata."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Na yarda, kin ci yau. Amma hamsin da takwas ɗin nan ƙarya ce, ko motar don kunya ta buɗe."

"Ka canja lambobin mana, ka sa naka."

"Nawa zan manta. A kanki za su zauna." Ya miƙo min ruwa, ya tsuguna yana cire min takalmi. "Abu ɗaya nake roƙo, Kaka. Ki riƙa yin allurar nan a kan lokaci. In kika tafi, babu mai buɗe min mota."