Yadda Ake Auna Wutar Sola a Gidan Surukai

Lodin siminti kake yi a Malbaza, amma a Dogarawa, gidan su matarka Badi'a, injiniya ake ce maka, kai kuma ba ka taɓa musawa ba. Yau allon solarsu ya daina cajin waya, an aiko ka zo. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka fito da sunanka da mutuncinka.

1. Aro mita. Mai wayoyi biyu, ja da baƙi. Rataya ta a wuya tun daga tasha. Rabin gwaninta a rataye take.

2. Taɓa batir. Ja kan ja, baƙi kan baƙi. Za ka ga sha ɗaya, alamar batir ya yi sanyi. Girgiza kai a hankali, ka ce "Ikon Allah." Surukinka, Malam Mahamudu, zai ce, "Mi ag ga nan, injiniya?" Ka ce, "Baba, sai na duba sama."

3. Hau rumfa. A nan za ka ga matsalar. Allon lafiyarsa ƙalau. Inna, mahaifiyar Badi'a, ce ta gano yana da zafi da santsi, awaki kuma ba sa kaiwa gare shi, ta shanya yankakkiyar kuɓewa a kai, ko tafin hannu ba ta bar wa rana ba.

4. Rufe bakinka. Wawa ne zai leƙo ƙasa ya ce surukarsa ce ta kashe wuta. Matar da ko idonta ba ka iya kallo? Ga ta can bayan zana tana saurare, kuma ko bayan shekara ashirin ba za ta manta ba.

5. Yabi kuɓewa. Ɗaga murya: "Badi'a, wa ya yi wagga shanya? Wallahi ko kasuwar Konni ban ga irinta ba!" Jira kaɗan. Murya za ta fito daga bayan zana: "Ke, kwashe mai ta duka, shi tai da ita."

6. Sake aunawa. Goge allon da hularka kamar da wasa, ka sauko. Sha uku da wani abu! Wayoyi za su fara kama caji. Idan an tambaye ka abin da ya lalace, ka ce na ciki ne, ba ya faɗuwa da Hausa.

Gargaɗi: Ni Munkaila ba ruwana da abin da zai biyo baya. Haka na yi bara, na sha yabo har na ji kunya. Tun da tawa surukar ta ji ina son kuɓewa, duk mako sai ta cika allon da shanya ta musamman domina. Wuta ta ɗauke, a kira ni, in hau, in yaba, in kwashe. Buhu huɗu gare ni yanzu, kuma tun ina yaro ba na cin miyar kuɓewa.