Yadda Ake Neman Aure da Carangon Aro

Kai da ba ka iya kiɗa ba, ga bikin Karnabal ya ƙarato, lokacin da samari ke neman 'yan mata da kiɗa, kwantar da hankalinka. Ɗan baffana Liborio ya bi matakan nan a garinmu Pocoata, yau yana da mata. Kai ma za ka samu.

1. Samo carango

Abin kiɗa ne mai tsirkiya, kamar ƙaramar garaya. Aro za ka yi, kamar yadda Liborio ya aro na kawunsa. Naɗe shi a mayafin ulu, ka goya shi kamar jariri, kar rana ta taɓa shi. In 'yan mata na kallo, goge shi da bakin riga. Kulawa rabin gwaninta ce, ɗaya rabin ba ruwanka.

2. Yi ta gyaran tsirkiya

Goma gare shi, Allah ya rufa maka asiri. Murɗa, kasa kunne, yamutsa fuska. Haka Liborio ya yi ta yi a tsakar gidan su Zenobia, yarinyar da yake so, har aka sauke tukunyar dankali.

"Yaushe za mu ji kiɗan?" in ji Zenobia.

"Sanyi ya kama itacen. Ke kya yi waƙa da mura?"

3. Tsinka ɗaya

In an matsa maka, ƙara murɗawa har ta tsinke, ka yi jimami. Amma fara sanin gidan tukuna. Da Liborio ya tsinka tasa, uwar yarinyar, Doña Remigia, ɗaki ta shiga ta fito da damin tsirkiya.

"Ɗaura, ɗana, muna jira."

4. Kaɗa

Ba sauran mafita. Liborio ya runtse ido ya yakushi abin nan. Karnuka suka ɗauki haushi, jaririn maƙwabta ya tsala ihu, Zenobia ta rufe fuska da hularta, kafaɗunta na rawa don dariya. Ya miƙe zai gudu, ubanta Don Hilarión ya riƙo shi.

"Zauna, yaro. Iyakar abin da ka iya ke nan?"

"Ke nan, Baba."

"Madalla! Makaɗi ya auri babbar 'yata, ya bi bukukuwa, ya bar mana ita da yara da wannan tsirkiyar. Remigia, zubo masa giyar masara. Wannan kam ba wanda zai gayyace shi ko'ina."

Ni shawara kawai na ba ka. In ka tarar surukinka mai son kiɗa ne, ko ka wayi gari kana haƙa masa dankali kamar Liborio, matarka na kwaikwayon kiɗanka da baki, to ban san ka ba, ban san kawunka ba.