Rasuwar Maus Ɗin da Na Ƙi Cirewa

Cikin zuciyar da baƙin ciki ya cika, wadda kuma fushin da ke cikinta ya fi baƙin cikin yawa, ina sanar da 'yan uwa da abokan aiki da abokan wasa rasuwar maus ɗina, wato linzamin kwamfutata, baƙi, mai waya, mai maɓalli shida, wanda shugaban sashenmu ya umarce ni sau uku in cire daga kan teburina, ni kuma sau uku na ce ba zan cire ba. Ya rasu ranar Laraba da misalin ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe, a ƙarƙashin tafin hannuna na dama, muna tsakiyar zanen matakalar wani bene. Ya bar duniya yana da shekara huɗu da wata bakwai. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, kuma ba zan bari a rubuta cewa tsufa ne ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce mai zanen taswirar gine-gine da ke zama a tebur na biyu daga taga, mace ɗaya cikin mutum tara a sashen zane. Aikina jan layi ne daga safe zuwa yamma. Layin da in ya kauce da kaurin gashi a kan allo, a wajen gini sai magina sun fasa bango.

Na haɗu da marigayi a satin da na fara aiki. Tun ina makaranta wuyan hannuna ke ciwo saboda ƙananan maus marasa kan gado da na yi aikin kammala karatu da su, don haka na shiga shago da niyyar ba zan fito ba sai da wanda hannuna ya yarda da shi. Mai shagon bai tambaye ni aikin da zan yi ba. Ya miƙo min wani ɗan mitsitsi ruwan hoda, kamar sabulun wanka da ya kusa ƙarewa.

"Wannan shi mata suka fi so, ƙanwata."

Na ce masa hannuna ne zai riƙe, ba mata ba, ya sauko min da sauran. Goma na gwada na ajiye. Wani nauyinsa kamar dutsen guga. Wani kuma kamar kwalin ashana babu komai a ciki. Wani bayansa a shafe, sai yatsu sun tanƙware kamar ƙafar kaza kafin su kai ga maɓalli. Wani yana ta walƙiya da fitilu kala bakwai, amma kibiyarsa a kan allo tana tsalle kamar wadda aka tsikara. Marigayi shi ne na goma sha ɗaya. Ina ɗora hannu a bayansa tafina ya kwanta kamar an auna, babban yatsana ya faɗa kan maɓallai biyu na gefe ba tare da na nema ba. Mai shagon ya ce ai wannan na samari ne masu wasan kwamfuta. Na ce to mun dace, ni ma ina yi.

Marigayi mai haƙuri ne, mai riƙon amana, marar yawan buƙata. Bai taɓa neman batir ba. Bai taɓa yin barci a bakin aiki ba. Maɓallin gefe na gaba na ɗora masa ajiye aiki, na baya kuma janye kuskure, kuma a tsawon zamanmu bai taɓa tona min asiri ba a kan yawan dannawar da nake wa na bayan. Akwai wani ƙaramin maɓalli a bayan tayarsa da ke sauya masa sauri: in zane ne ya tafi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, in wasa ne ya juya kafin ƙiftawar ido. Gida biyu ya yi wa hidima bai taɓa ƙorafi ba, ofis daga Litinin zuwa Juma'a, ɗakina ranar Asabar da yamma, inda ni da abokan wasana uku muke haɗuwa ta intanet mu kara da wasu a wasan harbi. Sau da yawa in abokan karawa suka ji muryata sai su ce in je in yi wanke-wanke. Ban cika ba su amsa ba. Marigayi ke ba su, ƙas, sau ɗaya, su koma kallo.

Muryarsa ba ta da yawa. Maɓallin hagu ƙas, na dama ƙis, taya kuma kirrr in ina sauka cikin dogon shafi. A shekara huɗu da wata bakwai wuyan hannuna bai sake ciwo ba ko sau ɗaya. Duk wanda ya ce wannan ƙaramin abu ne, bai taɓa kwana da hannu a cikin ruwan ɗumi ba.

Ajali ya fara kusantowa ne ranar da shugaban sashenmu ya dawo daga wani kwas na kwana uku. Mutumin da a iya sanina bai taɓa jan layi ɗaya a kwamfuta ba, ya dawo da abin da ya kira tsarin tebur mai tsabta. Kada a ga waya a kan kowane tebur, saboda baƙi suna ratsawa ta sashenmu, kuma mai hoto zai zo ya ɗauke mu don takardar tallar kamfani. Aka shigo da kwali guda na fararen maus marasa waya, shafaffu, masu maɓalli biyu, kyawawa a hoto. In ka ɗaga hannu na minti ɗaya don ka duba takarda, sai ka tarar sun yi barci. In sun farka, kibiyar ta yi ta rawar sanyi a inda kake son ta tsaya cak. Abokan aikina takwas suka karɓa suna godiya, sannan suka fita baranda suna zagi.

Umarni na farko a takarda ya zo, na karanta na ajiye. Na biyu da ƙafarsa ya kawo shi.

"Malama, wannan abin wasan yaran da ke kan teburinki, yaushe zai tafi?"

"Yallaɓai, ranar da aka kawo wanda ya fi shi aiki."

"Kowa ya karɓi nasa."

"Na gani, Yallaɓai. Kowa kuma sai ya girgiza nasa kamar kwalbar maganin tari kafin ya ja layi."

Wani ya yi dariya a bayana, ya mayar da ita tari. Ban tsaya a taurin kai kawai ba, don kada a ce ban nemi sulhu ba. Na bi da wayar ta bayan tebur, na ɗaure ta a jikin ƙafar teburin da salatef, har sai mutum ya durƙusa zai gan ta. Na kuma ce a ba ni zane ɗaya in yi da farin, in sake yi da nawa, a duba agogo a duba kuskure. Ya ce shi ba gasa ya zo yi ba, doka ya kafa. Umarni na uku ya zo da takardar tuhuma. Na amsa a shafi biyu, na yi bayanin hannuna da aikina. Na tabbata bai wuce layin farko ba, don a nan na rubuta cewa ba zan cire ba.

Wata ranar Litinin na fita cin abincin rana, shugaban ya aiko mai kula da sito, dattijon da nake kira Baba, ya cire shi. Baba bai san na ɗaure wayar a ƙasa ba. Ya ja daga sama, ta ƙi zuwa. Ya sake ja da hannu biyu. Da na dawo na tarar da marigayi yana reto a gefen tebur, wuyansa a karye, an ajiye fari a wurinsa.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Aiko ni aka yi."

Na ce na sani, Baba. Na danƙa masa farin a hannu, na ɗauki nawa na mayar inda yake. Ba na riƙe da Baba a zuciya. Wanda ya aike shi yana ofishinsa a lokacin, labule a ɗage, yana kallo.

Jinya ta ɗauki kwana goma sha shida. Wayar ba ta tsinke a waje ba, a ciki ta tsinke, daidai inda ta shiga jikinsa. In ta lanƙwasa hagu sai ya suma, kwamfuta ta yi tulun, in na miƙe ta ya farfaɗo, ta yi tilin. Na yi masa ɗori da bututun biro, na naɗe da baƙin salatef, na tokare wayar da abin maƙala takardu don kada ta motsa. Na kai shi wajen mai gyara sau biyu. A karo na biyu ya buɗe cikinsa, ya haska da tocila, sannan ya ɗago kai.

"Anti, waya zan iya canzawa. Amma inda take zaune ya tsage. Wannan ba ciwo ba ne, duka ne."

Ya ɗiga masa dalma, ya ce in lallaɓa. Na lallaɓa. Na daina fita cin abinci don kada a sake aiko kowa. Na koyi jan layi ba tare da na karkata hagu ba. A cikin kwanakin nan zane uku muka gama ni da shi, babu wanda aka dawo da shi don gyara. Kuma ina so a sani cewa cikin abokan aikina takwas ɗin nan akwai huɗu da suke zuwa aron marigayi duk ranar da shugaban ya yi tafiya, su gama aikinsu na gaggawa da shi, su ce kai, wannan abu akwai daɗin hannu. Da yana jinya babu wanda ya ɗago kai daga allonsa.

Ranar Laraba kibiyar ta tsaya a kan taki na goma sha huɗu na matakalar. Na danna, ƙas. Na sake, ƙas. Muryar tana nan, amma babu abin da ya motsa. Na kifa shi, 'yar fitilar cikinsa ta mutu. Ban san wa ya kai labari ba, sai ga shugaban ya zo da kansa, ya ajiye fari kusa da hannuna da yatsu biyu, ya koma. Ban taɓa shi ba. Na ƙarasa matakalar da allon rubutu kaɗai, wato kibod, ina buga ma'aunin kowane layi lamba bayan lamba, aikin minti arba'in ya ci min awa huɗu. Da aka tashi na wuce shago na sayi irinsa sak. Ranar Alhamis na jona shi. Ranar Juma'a takarda ta same ni: an mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin taswirori saboda rashin biyayya.

Marigayi ya rasu ya bar abokin zamansa, allon rubutu, wanda harafinsa ɗaya ya goge. Ya bar shimfiɗarsa, mai tabon zamansa a tsakiya. Ya bar ƙaninsa, 'yan gida ɗaya, mai kwana takwas a hannuna. Ya bar abokan wasa uku da suka yi Asabar biyu suna shan kashi. Ya kuma bar babban yatsana, wanda har yanzu yake danna iska in na yi kuskure a takarda.

Ummata ta tambaye ni ko a kan wayar da ba ta kai igiyar shanya tsawo ba zan bar teburin da na yi shekara biyar a makaranta don in zauna a kai. Na ce mata hannun nan da shi na yi shekara biyar ɗin, kuma ni zan kwana da shi, ba mai hoto ba. Ba ta gamsu ba. Ta dai daina tambaya.

Za a yi masa sutura ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma a ɗakina. Za a naɗe wayarsa a hankali, a kwantar da shi a kwalin da ya zo a ciki, a ɗora a saman kabad. Mai gyara ya roƙi tayarsa da maɓallansa don wani maus da ke kwance a shagonsa, na kuma amince, domin marigayi ba marowaci ba ne. Abokan wasa za su yi shiru na minti ɗaya kafin a fara. Ba a buƙatar gudummawa, musamman marar waya. Huɗun nan masu aro, zamansu a gida ya fi.

Ana karɓar ta'aziyya daga Litinin zuwa Juma'a a ɗakin ajiya, ƙofa ta ƙarshe bayan bayi. Masu zuwa kada su wahalar da kansu da ba ni shawara, an riga an ba ni. An ce in na sa hannu a takardar ban haƙuri na karɓi farin, washegari zan koma wurina. Ban sa ba. Wannan ya ci min teburina, ya ci min zanen asibitin da na yi shekara biyu ina jiran a ba ni, ya ci min ƙarin girman bana. Na san haka kafin in ƙi. Kullum ina zuwa aiki da sabon a jakata, kuma a ɗakin da aka ajiye ni babu kwamfutar da zan jona shi.