Hurar da Ta Ɗage Aikin Yaya

Tun da na yi jinyar maigidana, Allah ya jiƙan shi, nake ganin babu abin da ban sani ba a asibiti. Shi ya sa da za a yi ma Yaya Sani aiki a Maradi, na ce kowa ya zauna, ni zan kwana da shi.

An ce kada ya sa komai a ciki. Na ce a raina, manomin Jiratawa ko gona ba ya zuwa da yunwa, balle ɗakin aiki. Kuma ni yanzu ba na iya kallon maras lafiya bai ci ba. Na dama mashi hura, na kare shi da mayafina, ya shanye.

A bakin ƙofar ɗakin aiki majo, shugaban masu jinya, ya tsaida gadon.

"Baba, ka sha wani abu?"

"Ko ruwa," in ji Yaya.

Majo ya dubi gemun shi. "To wannan farin fa, tsufa ne?"

Majo ya ce da an sa ma Yaya maganin barci haka, hurar na iya komawa huhu. Aka ɗage aikin zuwa washegari, aka yi shi, Yaya ya tashi lafiya.

Har yau, in wani ya kwanta a dangi, Yaya, da ya laƙaba mani suna Lokotoro, wato likita, kan ce, "Ku kira Lokotoro, amma ku fara ɓoye ludayi."