Jikan Hajiya Mai Ciwon Ƙafa

Ba zan taɓa mantawa da ranar Lahadin da aka haifi 'yata ta fari ba, kuma ba don dalilin da sauran iyaye maza ke tunawa da irin wannan rana ba. Ni idan na tuna ta, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bari in fara da yadda na shiga abin. A ofishin council, wato ƙaramar hukumar da nake wa aiki a nan ƙasar Turawa, akwai wani abokina ɗan Ghana, Razak, haifaffen zango, unguwar Hausawan can, mazaunin unguwar Peckham. Shi ya koya mini wasan da ake kira fantasy basketball, irin na kullum-kullum. Ana yin sa a waya. Za a ba ka kasafin kuɗi na bogi, ka zaɓi 'yan wasan ƙwallon kwando na Amurka da za su buga a ranar, ka haɗa ƙungiyarka. Duk abin da suka yi a filin gaske, kai ake rubuta wa maki. Da an fara wasa sai a kulle, ba sauran canji. Gobe kuma a sake sabon lale. Mu na kyauta muke yi, ba caca, a wani guruf na abokai. Abin da ake ci kawai shi ne bakin magana.

Ni da ban taɓa jefa ƙwallo cikin kwando ba (gajere ne ni, ga tumbi), cikin 'yan watanni na zama malamin guruf. Har suna suka sa mini, wai Koci. Kuma na karɓi sunan hannu bibbiyu. A jirgin ƙasa na Elizabeth line, daga unguwarmu Abbey Wood zuwa wurin aiki, nake tura musu karatu. In ce kada a bi suna, a bi wanda zai daɗe a fili, domin wanda ke zaune a benci ba ya kawo maki komai shahararsa. In ce a guji wanda ya buga jiya zai kuma buga yau, gajiya ba ta san gwani ba. A nemi wasan da ƙungiyoyin biyu ke gudu kamar an biyo su, nan maki yake. Idan babban ɗan wasa ya ji ciwo, a yi maza a ɗauki mai maye gurbinsa, ga araha ga aiki. Sannan babbar doka, wadda nake maimaitawa kamar karatun allo: kada ka ajiye waya sai an kulle, domin labarin rauni a ƙurarren lokaci yake zuwa.

Matata Sa'adatu tana kallona tana dariya. Takan ce da a ce haka na riƙe karatun digirina da tuni na zama farfesa. A lokacin tana da tsohon ciki, mahaifiyarta kuma, Hajiya, ta zo daga Kano don zaman jego. Hajiya mace ce mai kawaici. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ni kuma ban taɓa iya haɗa ido da ita ba. Tunda ta sauka a flat ɗinmu nake tafiya a hankali kamar baƙo.

Naƙuda ta tashi ranar Lahadi da safe, muka tafi asibiti mu uku. An ce mutum biyu za su iya shiga ɗakin haihuwa, amma Hajiya ta ƙi. Sa'adatu 'yar fari ce, ko sunanta Hajiya ba ta faɗa, balle ta tsaya a kanta tana naƙuda. Ta samu kujera a baranda ta zauna da carbinta. Ni na shiga, na riƙe hannun matata, kuma in faɗi gaskiya na yi abin kirki har zuwa yamma.

Da magariba ta yi, na tambayi midwife, wato ungozomar asibitin, ko zan iya fita in yi salla. Ta ce in je, da alama da sauran lokaci, amma kada in yi nisa. Sa'adatu ta matse hannuna ta ce in dawo da wuri. Na ce mata yanzun nan.

Na yi sallata. A hanyar dawowa wayata ta yi motsi a aljihu. Razak ne: "Koci, matarka ya haihu? In bai haihu ba tukuna, duba mana team." Sai a lokacin na tuna cewa ranar Lahadi da wuri ake fara wasannin, kuma tun daren jiya na haɗa ƙungiyata a kan wani dogon ɗan wasa guda da na yi wa kowa alkawarin zai yi abin mamaki. Na ce a raina leƙawa kawai zan yi. Na zauna a baranda, kujera biyu tsakanina da Hajiya, na gaishe ta, na ce mata jiki da sauƙi. Na sa abin sauraro a kunne ɗaya.

Daga leƙawa sai na shiga karanta rahotanni. Daga rahotanni sai amsa tambayoyin 'yan guruf, domin Koci ba ya barin almajiransa cikin duhu. Ban san yadda lokaci ya tafi ba. Ana dab da kullewa sai ga sanarwa: dogon nan nawa ya gurɗe a wajen motsa jiki, ba zai buga ba. Ban san sanda na miƙe tsaye ba.

"Innalillahi! An cire shi!"

Hajiya ta saki carbi. Ta ce, "An ciro shi? Aiki aka yi mata?"

Ni kuwa idona na kan waya, babban yatsana na neman mai maye gurbi, kunnena ɗaya a toshe. Rabin maganarta na ji. Na ce, "E wallahi, Hajiya, yanzun nan suka sanar. Wai ƙafarsa ce ta samu matsala."

(Daga baya ta gaya wa Sa'adatu cewa ba ta yi mamakin ganin na samu labarin ta waya ba. A ganinta a ƙasar Turawa haka ake yi, tunda ko likita za ka gani sai waya ta gaya maka.)

Na samu wanda zan sa, na danna, aka karɓa, aka kulle. Na yi ajiyar zuciya, har da ɗan murmushina. Da na ɗago kai sai na ga Hajiya da waya a kunne, hawaye na bin fuskarta. Tana gaya wa Alhaji, surukina, a Kano cewa an samu namiji, amma sai da aka yi wa yarinyar tiyata, kuma yaron ya zo da lalura a ƙafa, a taya su da addu'a. Ina jin muryar Alhaji daga inda nake yana cewa Allah ya sa iyakar wahalar ke nan, yanzu zai fita sallar isha'i, zai sa liman ya yi addu'a.

Kafin in haɗa kalma biyu, sai ga midwife ta leƙo da sauri tana kiran sunana. Ta ce ta aika a nemo ni a ɗakin salla ba a gan ni ba, matata tana ta tambayata. Na ruga.

Tun daga bakin ƙofa na ji kukan jariri. An riga an ɗora ta a ƙirjin uwarta, mace, jajir, lafiya lau, tana harba ƙafafu biyu. Sa'adatu na riƙe da hannun wata ɗalibar midwife da ba ta taɓa gani ba sai ranar. Ta dube ni, ta dubi abin sauraron da ke maƙale a kunnena har lokacin, ta mayar da idonta kan 'yarta. Na yi wa yarinya kiran salla a kunne.

Sai kuma fitowa wurin Hajiya. Na durƙusa a gabanta a barandar asibiti, Turawa na wucewa suna kallo, na ce mata mace aka samu, ba a yi tiyata ba, uwa da 'ya suna lafiya. Ta yi hamdala ta daɗe tana yi. Sannan ta tambayi wane ne aka ciro mai ciwon ƙafa. Na fara bayani. Ban taɓa sanin wasan nan wauta ne ba sai da na ji kaina ina fassara shi da Hausa ga dattijuwa mai jiƙaƙƙen mayafi. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba.

"Shi wannan mai ƙafar, ɗan'uwanku ne?"

"A'a, Hajiya."

"Ya san ka?"

"Bai san ni ba."

"To. Allah ya ba shi lafiya."

Ta tashi ta shiga ganin jikarta. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A Kano kuwa magana ta riga ta fita. Liman ya yi addu'a, masallaci ya shafa. Alhaji da kansa ya koma da asuba ya warware, kuma har yau ban san me ya ce musu ba, ban kuma da ƙarfin halin tambaya. Har bayan suna ana kirana ana tambayar ƙafar yaro. Wata gwaggon Sa'adatu ta tsaya kai da fata cewa tagwaye ne, mun ɓoye ɗaya saboda baki.

Sa'adatu ba ta tayar da maganar ba sai da ta yi arba'in, Hajiya ta koma gida. Muna zaune tana shayarwa, ta tambaye ni ko a ƙarshe dai na ci wasan ranar. Na so in yi ƙarya, na kasa. Wanda na sa a madadin dogon ya yi abin da bai taɓa yi ba, ni na zo na ɗaya a guruf.

Ta ce, "To madalla. Ba a yi asara biyu ba."

Ta faɗe shi ba fushi, ta ci gaba da gyara wa yarinya hula. Ta yafe mini, na sani. Amma duk sanda mata suka taru a gidanmu ana labarin haihuwa, aka zo kan wanda ya tsaya wa kowa, sai in ji ta ambaci sunan ɗalibar nan, ni kuma sai in tashi in shiga kicin in ɗora shayin da ba wanda ya nema.

Yarinya yanzu tana gudu, ta fara surutu, rabi Hausa rabi Turanci. Wata rana za ta tambaye ni ina nake lokacin da ta zo duniya, kuma amsar ita ce ina bayan bango, ina jinyar ƙafar wani ƙato da bai san an halicce ni ba. Abin da zan iya gaya wa masu shirin zama iyaye shi ne, ranar da matarka ke naƙuda, ka ba surukarka ajiyar wayarka tun daga bakin asibiti. In kuma salati ya kama ka, ka fara duba wanda ke zaune kusa da kai.