Yadda Za Ka Zama Mai Sharhin Zaɓe Wanda Hasashensa Ba Ya Kuskure

Kai da ke kwana da waya a ƙirji kana mafarkin ranar da gidan rediyo zai kira ka sharhi, gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, fuskarka za ta shiga kowace waya kafin a gama ƙirga ƙuri'u. Da idona na ga an gwada su a shagon maƙwabcina mai aski, wanda muke kira Farfesa. Bawan Allahn nan ba shi da buri a duniya sai ya ji mai gabatar da shiri ya ce, "Yau muna tare da masani."

Mataki na 1: Sayi tabarau

Ba sai idonka na ciwo ba. Amfanin tabarau shi ne ka cire shi a tsakiyar magana, ka girgiza kai, ka ce, "Lamarin ya fi yadda kuke gani zurfi." Kada ka kuskura ka faɗi zurfin.

Mataki na 2: Samu majiya

Kowane masani yana da "wani babba da ba ya son a ambaci sunansa". Na Farfesa wani mai babbar mota ne da ya taɓa zuwa gyaran gemu, ya yi barci a kujera har aka gama. Bai ce komai ba, amma Farfesa ya ce munsharin manya ma akwai saƙo a ciki.

Mataki na 3: Tsaya a kanun labari

Wanda ya tsaya karanta labari har ƙarshe, kafin ya ɗago kai wani ya riga shi yin zagi.

Mataki na 4: Ɗauki bidiyo biyu

Nan sirrin yake. A na farko ka rantse wanda ke kan kujera zai zarce, ka tura wa guruf ɗin magoya bayansa. A na biyu ka rantse ɗan adawa ya gama lashewa, ka tura wa nasa. Ranar sakamako sai ka fito da wanda ya dace, kana cewa, "Ban faɗa muku ba?"

Farfesa ya ɗauki nasa ana gobe zaɓe, yana tsaka da yi wa Baba Direba aski. Baba tsohon direban bas ne, ba ya son hayaniya. Farfesa ya ajiye injin aski, ya jingina waya a kan teburi, ya juya wa madubi baya, ya shiga zuba. Baba na zaune da ƙyalle a wuya, rabin kansa tas, rabi daji.

Mataki na 5: Duba bayanka

Wannan matakin ne Farfesa ya tsallake, kuma har yau ina jin tausayinsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gaban madubi ya manta madubi na gani. Akwai wani tela da ke cikin guruf biyun, don duka ɓangarorin yake yi wa ɗinki. Ya ga Baba da rabin kai a nan, ya gan shi da rabin kai a can, sai ya haɗe bidiyon biyu ya saki. A ƙarshen na biyun kuwa ana jin muryar Baba, a gajiye:

"Ɗan nan, ko wa ya ci, ka zo ka ƙarasa min kaina."

Kafin azahar babu wayar da Baba bai shiga ba. Har da masu cewa shi kaɗai ya faɗi abin da ke ran talaka.

Mataki na 6: Bar wayarka a kunne

Ranar sakamako kiran ya shigo. Farfesa ya sa tabarau kafin ya ɗauka.

"Farfesa ne? Daga gidan rediyo muke."

"Shi ne, ranka ya daɗe. A shirye nake."

"Madalla. Don Allah lambar dattijon nan na cikin madubi muke nema."

A ƙarshe: mai wannan nasiha fuska ya yi maka alkawari, bai ce za ka ji daɗin yadda za a gan ta ba. Babu ruwansa da tabarau da ya fashe ko abokan ciniki da suka gudu. Mai ƙorafi ya kira shirin Baba Direba na kowace Laraba. Yanzu a wani shagon ake yi wa Baba aski, amma Farfesa na kunna rediyon, don in ya kashe mutane tashi suke yi.